Tambaya da Amsa: Tsibirin da masu shi ke kira Ƙoda

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina fata kana lafiya, ya iyali, ya sanyi? Ni tela ne a Tudun Wada, rediyo ba ya mutuwa a shagona. Kwanan baya gardama ta kaure tsakanina da maƙwabcina mai gyaran agogo. Na ce masa na taɓa ji a labarai Kanada da Denmak sun raba wani tsibiri mai suna Hans da ba kowa a cikinsa, bayan sun daɗe suna yaƙi da kwalaben giya. Ya ce ƙarya ce, ba ƙasar da za ta ɓata lokacinta a kan wurin da ba mutum, in ma akwai shi to sunan wani sarkin Jamus aka sa masa. Har ya ce in maganata ta tabbata zai saya mini tsire. Don Allah Malam a raba mu.
Daga wani tela, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam tela. Iyali lafiya lau, sanyi kuma lokacinsa ne. Ka gaya wa maƙwabcinka ya fara tanadin kuɗin tsire, don ya faɗi ta gaba ya faɗi ta baya. Tsibirin yana nan, an yi rigimar, kuma Hans ɗin da aka sa wa tsibirin sunansa ko mai unguwa bai taɓa yi ba, balle sarkin Jamus.

Da wasiƙarka ta iso, sai da na sa jikana ya hau kujera ya sauko mini da tsohuwar ƙwallon duniyar da na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa da ita. Ƙurar hunturu ta lulluɓe ta. Na goge, na sa tabarau, na duba, babu tsibirin a jiki. Ban yi mamaki ba, don ko ɗigon biro aka yi a wurin, filin da ɗigon zai rufe ya ninka tsibirin sau da yawa.

Ga yadda za ka same shi. Zariya tana kan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ka sa yatsa a kanta ka yi ta hawa, ka wuce Agadas, ka ƙetare hamada da Bahar Rum, ka bar Turai a baya, sannan ka karkata yamma har ka kai digiri 80 da ɗoriya. A nan za ka ga manyan ƙasashe biyu sun kusa haɗa goshi: Girinland ta gabas, wadda ke ƙarƙashin masarautar Denmak amma tana gudanar da harkokinta na cikin gida, da tsibirin Ellesmere na Kanada ta yamma. Tsakaninsu akwai siririn mashigin teku mai suna Nares, wanda faɗinsa a daidai wurin bai wuce kilomita 35 ba. Tsibirin naka yana tsakiya cak, kimanin kilomita 18 daga kowace gaɓa. Daga nan zuwa ƙuryar arewa, inda arewa ta ƙare, saura kimanin kilomita 1,000, kwatankwacin Kano zuwa Legas.

Girmansa murabba'in kilomita 1.3 ne. Da a ce ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, dattijo irina ma zai ratsa shi cikin minti ashirin. In ka ɗauko shi ka ajiye cikin ganuwar birnin Zazzau, kusurwa ɗaya kawai zai ci. Dutse ne tsirara wanda ya ɗago sama da mita 160 daga ruwa, ba bishiya, ba gida, ba rijiya. Ba irin dutsen Kufena ba ne. Irin wanda ake haƙa a Kalambaina ne a yi siminti da shi. Mutanen da suka fi kusa da shi su ne sojoji da masu auna yanayi na Kanada a wani sansani da ake kira Alert, kimanin kilomita 200 daga wurin. Gari kuwa mai mata da yara da makaranta, irin Qaanaaq na Girinland, ya kusa kilomita 380, kamar ka tashi daga nan zuwa Sakkwato. Kai da ke tambayata ya sanyi: a Alert, matsakaicin awon watan Fabrairu yakan kai digiri 33 ƙasa da sifili. Mu nan in ya sauko 12 sai ka ga kowa da rawani da safa, an kewaye mai shayi kamar ana rabon gado.

(Tunda na ambaci Girinland, bari in biya wani tsohon bashi. A shekarata ta farko a aji na taɓa gaya wa yara cewa ta kusa kai Afirka girma, saboda haka na gan ta a taswirar bango. Taswirar ce ke kumbura ƙasashen da ke can ƙurya. Afirka ta ninka ta kusan sau 14. In akwai ɗalibina na wancan lokaci da ke karanta wannan, ya yafe mini.)

To, mu zo kan suna, don nan ne naman yake.

Tsibirin sunansa biyu. Mutanen yankin, wato Inuwit, mafarautan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna bin wannan mashigi a kan ƙanƙara da kekunan da karnuka ke ja, suna kiransa Tartupaluk. Ma'anarsa mai kama da ƙoda. Ƙoda dai wadda ka sani, ta teburin mahauci. In ka ga hotonsa daga sama ba za ka yi musu ba. Ni wannan suna ya burge ni, don haka mu ma muke raɗa wa wuri suna. Bahaushe ya ga dutse tsaye shi kaɗai a Kano ya ce Gwauron Dutse. Ya ga kogi cike da kadoji ya ce Kaduna. Ƙofofin birninmu, irin su Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, suna gaya maka inda hanya ta nufa. Hatta PZ da Kwangila, duk da bakin baƙi ne asalinsu, wanda ya sa su ya yi ne don ya kwatanta wa ɗan'uwansa inda za su haɗu. Sunan mai bin hanya ke nan: yana amfani, in ka faɗa wa wanda bai taɓa zuwa ba, ranar da ya gani zai gane.

Sunan mai zana taswira daban ne. Shi ba kwatance yake yi ba, tukwici yake rabawa. Dubi maƙwabtan tsibirin. Mashigin Nares sunan wani hafsan jiragen ruwan Ingila ne, George Nares. Ellesmere sarautar wani basaraken Ingila ce, alhali Inuwit suna kiran wurin da suna mai nufin ƙasar shanun daji masu gashi. Sauran tsibirai biyu da ke kusa, Franklin da Crozier, sunayen hafsoshin Ingila ne da suka tashi da jirage biyu a 1845 neman hanya ta arewacin Kanada, ba su dawo ba. Mun san irin wannan a gida. A 1913 Gwamna Lugga ya sa wa Fatakwal sunan ubangidansa Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka. Birnin Njamena ma Fort Lamy ake ce masa har 1973.

Cikin wannan jerin manya, Hans shi ne bare. Ɗan Girinland ne, Ba'inuwite, sunansa na gida Suersaq. Ya tashi a hannun 'yan mishan a kudu maso yammacin ƙasar, a nan ya samu sunan Hans Hendrik. Maharbi ne kuma gwanin tuƙa karnuka. Tun yana saurayi wani Ba'amurke, Elisha Kent Kane, ya ɗauke shi a tafiyarsa ta 1853 zuwa 1855, daga nan kuma Turawan da suka nufi wannan mashigi suka riƙa nemansa: Hayes a 1860, Hall a 1871, Nares a 1875. A tafiyar Charles Francis Hall ce, cikin jirgin ruwa mai suna Polaris, aka wuce ta gefen dutsen aka rubuta masa sunan Hans.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake ganin ko tsibiri goma aka ba shi ba a biya shi ba. Hall ya mutu a watan Nuwamba na 1871 cikin wani yanayi mai ɗaure kai. Da aka tono gawarsa a 1968 an sami guba mai yawa a farcensa da gashinsa. Jirgi ya rasa shugaba, ya juyo gida. A daren 15 ga Oktoba 1872 ƙanƙara ta matse shi har aka zaci zai nitse, aka shiga jefa kaya a kan ƙanƙarar, wasu suka sauka suna tattarawa. Ana cikin haka ƙanƙara ta tsage, iska ta ja jirgin cikin duhu. Aka bar mutum 19 a kan faifan ƙanƙara mai yawo a teku. Cikinsu akwai Hans da matarsa da 'ya'yansu huɗu, ƙaramin jariri ne ɗan wata biyu da aka haifa a jirgin.

Malam tela, ka ɗan tsayar da keke ka yi tunani. Ba ƙasa ce a ƙarƙashinsu ba, daskararren ruwa ne, yana tafiya, yana gutsurewa. Ga dare wanda ba ya wayewa. Hans da wani maharbi ɗan'uwansa Ba'inuwite, Ebierbing, su suka gina ɗakunan dusar ƙanƙara, su suke fita su tsaya awa da awanni a bakin rami suna jiran wata dabbar ruwa mai kitse, mai ɗan kama da ayu, ta leƙo shan iska su harbe ta. Namanta abinci, kitsenta man fitila da na girki. Haka aka yi wata shida da rabi, ƙanƙara ta yi da su tafiyar fiye da kilomita 2,000 kudu, har ranar 30 ga Afrilu 1873 wani jirgin mafarauta ya tsince su a gaɓar Labrador. Ko mutum ɗaya bai mutu ba, har jaririn.

Duk da haka ka lura da wani abu. Franklin, Crozier, Nares, duk da sunan gidansu aka rubuta su. Shi kuwa Hans kawai, yadda ake kiran yaron gida. Ba Hendrik ba, balle Suersaq. Abin da ya rage mini zafi shi ne mutumin bai bari wasu kaɗai su ba da labarinsa ba. Ya rubuta tarihin tafiye-tafiyensa da harshensu, aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Landan a 1878. Ya rasu a 1889.

Duk lokacin da na karanta labarinsa sai Dorugu ya faɗo mini. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, har Tambutu, ya je Ingila a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a Nasarawar Kano, wurin makarantar da wani Bature ya buɗe a 1909. Sunan Baturen? Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, gidansa na nan har gobe. Ka ga, can Turawa sun mai da Suersaq ya zama Hans, nan kuma mu mun mai da Hans ya zama Ɗan Hausa. Wataƙila nan ne maƙwabcinka ya ji ƙamshin Jamus, don sunan ya yawaita a can, ko da yake Vischer ɗan asalin Suwizalan ne.

Yanzu sai yaƙin kwalba. Kanada ta ce tsibirin yana cikin waɗanda Ingila ta miƙa mata a 1880. Denmak ta ce ɓangaren Girinland ne, kuma mutanenta ne ke farauta a wurin tun kaka da kakanni. A 1973 suka zauna shata iyakar da ke ƙarƙashin teku tsakaninsu. Suka jera ɗigo 127, suna haɗa kowanne da na gaba. Da suka zo tsakanin na 122 da na 123, inda dutsen yake, sai suka ɗaga alƙalami, suka bar giɓin mita 875, suka ci gaba. Kai ka fi ni sanin wannan: riga ce aka ɗinke daga hammata har ƙasa aka tsallake taƙi ɗaya, aka ce a dawo masa gobe. Goben nan ta ɗauki shekara 49.

A 1984 ministan Denmak mai kula da Girinland, Tom Høyem, ya sauka a dutsen da jirgi mai saukar ungulu, ya kafa tuta, ya bar kwalbar giya a gindinta. Daga nan abin ya zama al'ada. In 'yan Kanada suka zo sai su sauke tutar Denmak, su kafa tasu, su ajiye kwalbar giyar ƙasarsu. In 'yan Denmak suka dawo su rama. Mu da giya ba ta cikin addininmu da al'adarmu, ka ɗauka goro ne ake bar wa abokin gaba a kan iyaka. Ba a taɓa harba harsashi ko ɗaya ba. Ni abin ya fi yi mini kama da wasan Kanawa da Zage-zagi: a yi ta zolayar juna, kowa na cewa shi ne ubangida, a tashi a ci tuwo kwano ɗaya.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Kada dariyar ta sa ka zaci ba komai a ƙasa. A watan Yuli na 2005 ministan tsaron Kanada, Bill Graham, ya taka dutsen da ƙafarsa, Denmak ta kai ƙorafi a rubuce, sai da aka zauna. Ba dutsen ake so ba. Ƙanƙarar arewa tana narkewa, hanyoyin jiragen ruwa suna buɗewa, ana zancen mai da ma'adinai a ƙarƙashin teku, kuma duk ƙasar da ta saki taƙi ɗaya a yau tana tsoron a kafa mata hujja da shi gobe a wurin da ya fi tsoka. Amsar maƙwabcinka ke nan da ya ce ba mai ɓata lokaci a kan wurin da ba mutum.

Ranar 14 ga Yuni 2022 aka sa hannu a Ottawa: ministar harkokin wajen Kanada Mélanie Joly, takwaranta na Denmak Jeppe Kofod, da firayim ministan Girinland Múte Egede. Akwai wata tsaga da Allah Ya yi a jikin dutsen daga arewa zuwa kudu, ita aka bi. Girinland ta sami kimanin kashi 60 cikin 100, Kanada 40. Aka yi musayar kwalabe na ƙarshe. Kusan wata huɗu ke nan da Rasha ta shiga Yukren, kuma masu sa hannun ba su ɓoye cewa da ita suke ba. Da wannan yarjejeniya, Kanada, wadda da Amurka kaɗai take da iyakar ƙasa, ta sami maƙwabciya ta biyu, da iyakar da tsawonta bai kai kilomita ɗaya da rabi ba.

Na ji masu cewa ina ma da haka muka yi a Bakasi. Ban yarda da kwatancen ba. Bakasi da mutane a cikinta, masunta da kwale-kwalensu da kaburburan iyayensu, shi ya sa aka zubar da jini, aka je kotun duniya ta yanke hukunci a 2002, aka kammala miƙa ta ga Kamaru a 2008. Raba dutsen da ba mai kwana a kai ba wuya. Sashen yarjejeniyar da ya fi taɓa ni shi ne inda aka yarda Inuwit na ɓangarorin biyu su ci gaba da zirga-zirga a tsibirin ba tare da layin ya tare su ba. Wanda yake da dangi a Maraɗi yana zaune a Katsina ya san darajar wannan. Kuma a yarjejeniyar an kira dutsen da sunansa na gida, Tartupaluk.

In kun je wurin mai tsire, ka ce a sa maka ƙoda.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Ina koyar da yara a wata Islamiyya. Wata yarinya ta tambaye ni wai da gaske ne akwai inda rana ba ta faɗuwa, kuma ya suke salla da azumi? Na ce ta ba ni mako guda.
Daga wata malama, Samaru.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah Ya yi wa yarinyar albarka. Da gaske ne, kuma tsibirin da muka gama zancensa misali ne. A can rana takan fito wajen tsakiyar Afrilu ba ta sake faɗuwa sai ƙarshen Agusta. Tana kewaya sararin sama ne kamar tana ɗawafi. Daga wajen 20 ga Oktoba kuma takan ɓace, sai bayan 20 ga Fabrairu. Dalili shi ne duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23 da rabi. Duk wurin da ya haura digiri 66 da rabi, arewa ko kudu, yana samun aƙalla yini ɗaya a shekara da ba faɗuwar rana. Mu a Zariya tsakanin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta awa ɗaya ce da 'yan mintuna, shi ya sa abin yake zo mana kamar tatsuniya.

Fatawa ba fagena ba ce, ki koma wa malamanki don cikakken bayani. Abin da na sani shi ne malamai suna kafa hujja da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka ambaci yini mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya ta isa, Annabi (SAW) ya ce a'a, a kintata lokaci. Daga nan wasu suka ce a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suka ce a bi lokacin Makka. Ba zancen takarda ba ne kawai: a garin Inuvik na arewacin Kanada akwai masallaci da aka ƙera a Winnipeg, aka ɗauko shi ɗungurungum a mota da jirgin ruwa aka kai can a 2010.

Don yarinyar ta gani da idonta, ki sami lemo da tsinken tsire da tocila. Ki soke lemon ta tsakiya, ki ɗan karkatar da kan tsinken wajen tocilar, ki rufe tagogi, ki sa wata ta haska ke kuma kina murza tsinken. Za su ga saman lemon bai shiga duhu ba ko sau ɗaya, gindinsa kuma bai ga haske ba. Sai ki zagaya ɗaya gefen tocilar ba tare da kin sauya karkatar ba, ki sake murzawa.